Jinyar Tsohon Kare Mai Fitsarin Jini: Darasi Daga Hartum Da Umdurman

Duk ɗan kasuwar da ya saba kwana a Illela, Jibiya, Maigatari, Mai'aduwa ko Gamborun Ngala ya san cewa da zarar an rufe rumfuna dare ya raba, ba maigadi kaɗai ke tsaron dukiyar jama'a ba. Akwai kare. Shi ke kwana a bakin sito, shi ke zagaya kara inda aka ɗaure shanu da raƙuma, kuma shi ke fara jin motsin ɓarawo tun kafin maigadi ya farka. Ladansa bai wuce ragowar tuwo da ƙashin da mahauta suka jefar ba. To amma idan ya shekara goma yana wannan aiki, ƙafafunsa na baya suka fara rawa, aka wayi gari ana ganin jini a fitsarinsa, mafi yawan lokaci sai a kora shi bayan kasuwa, a nemo kwikwiyo, a ce ai kare ne.

A yau mun ga ya dace mu tattauna wannan al'amari tare da masu karatu, musamman ciwon sankarar mafitsara da ke kama tsofaffin karnuka, da kuma yadda ake jinyar dabbar da tafiya ta fara gagara. Za mu leƙa biranen Hartum da Umdurman na ƙasar Sudan, domin abin da ya faru a can daga shekarar 2023 ya nuna ƙarara halin da dabba marar lafiya kan shiga idan aka raba ta da likita da magani.

Me ya haɗa mu da Sudan?

Sudan ba baƙuwar ƙasa ba ce ga Bahaushe. Ta nan kakanninmu suka riƙa bi a ƙasa zuwa aikin Hajji, wasu su yi shekaru a hanya suna noma da kasuwanci, wasu kuma su yi zamansu ke nan. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin da ake kira Mai Wurno a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar. Daga baya aikin noman auduga na Jazira, wanda aka buɗe a 1925, ya ƙara jawo ɗimbin mutanenmu. Jikokinsu sun bazu har cikin Hartum da Umdurman, suna jin Hausa, suna kuma sana'o'in da muka sani.

Babban birnin Sudan gari uku ne a haɗe, wato Hartum, Umdurman da Bahri, kogin Nilu ne ya raba su, gadoji suka sada su. Umdurman ita ce cibiyar ciniki tun zamanin Mahadi. A can ne tsohuwar kasuwar Umdurman take, da kasuwar Libiya ta 'yan sari, da kuma karar Muwailih a yammacin gari, inda aka saba sauke shanu, tumaki da raƙuma daga Darfur da Kurdufan. Wanda ya san Maigatari ranar Alhamis ya san irin hada-hadar da muke nufi. Zafi ma iri ɗaya ne da namu ko ya fi, domin a watannin Afrilu, Mayu da Yuni ma'aunin zafi kan haura 40, ga kuma guguwar ƙura da suke kira habub.

Ta fuskar likitancin dabbobi, Sudan ta daɗe da yin nisa. Tun 1938 aka buɗe makarantar koyon likitancin dabbobi, wadda daga baya ta zama tsangaya a Jami'ar Hartum, mazauninta a unguwar Shambat da ke Bahri. Akwai kuma babban ɗakin binciken cututtukan dabbobi a Soba, kudu da Hartum, inda aka riƙa haɗa alluran rigakafi.

Yadda yaƙi ya raba dabba da likita

Ranar 15 ga Afrilu, 2023, faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin ƙasar ƙarƙashin Janar Abdul Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Janar Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hamidti. Cikin 'yan makonni birnin ya zama kufai. Ɗaliban Nijeriya da ke karatu a can sai ta iyakar Masar da tashar ruwa ta Fot Sudan aka kwaso su. Mutum fiye da miliyan 10 ne yaƙin ya raba da gidajensu a faɗin ƙasar. An wawashe kasuwar Libiya, asibitoci da dama sun rufe, ciki har da babban asibitin masu ciwon daji na Hartum, kuma da yake mafi yawan masana'antun haɗa magunguna na ƙasar a babban birnin suke, sai magani ya yi wuyar samu har ga ɗan Adam.

Ranar 11 ga Nuwamba, 2023, aka karya gadar Shambat da ta haɗa Umdurman da Bahri, kowane ɓangare na ɗora wa ɗaya laifi. Mutumin Umdurman da a da zai ɗauki dabbarsa ya tsallaka wannan gada zuwa asibitin dabbobi na jami'a, sai ya zamana babu gadar, babu likitocin. Wanda ke gudun ceton ransa da na 'ya'yansa a motar haya kuwa ba ta kare yake yi ba. Haka aka bar dabbobin gida da yawa a baya, suka shiga cikin karnukan titi, har kafafen watsa labarai suka riƙa kawo rahoton karnuka na taɓa gawarwakin da aka kasa binnewa.

Duk da haka an sami waɗanda ba su juya wa dabbobi baya ba. Tun a watan Janairun 2020 wani ɗan ƙasar mai suna Usman Salih ya yaɗa hotunan zakunan da yunwa ta ƙanjame a gidan namun daji na Ƙurashi da ke Hartum, lamarin da ya kai shi ga kafa cibiyar ceton dabbobi a Bagair, kudu da birnin. Da yaƙi ya rutsa da cibiyar, ma'aikata sun yi watanni suna faman nemo wa dabbobin abinci da ruwa, wasu dabbobin suka mutu. A watan Nuwamban 2023 ƙungiyar Four Paws mai hedikwata a Ostiriya, ƙarƙashin jagorancin likitan dabbobi Amir Khalil, ta kwashe kusan dabbobi 50 zuwa Wad Madani. Wata guda bayan nan yaƙi ya isa can ma, aka sake kwashe su, aka kai wasu ƙasar Jodan a 2024. Sojoji sun sake karɓe fadar shugaban ƙasa da filin jirgin saman Hartum a watan Maris na 2025, sai dai gyaran abin da aka rusa aikin shekaru ne.

Zaki ya sami jirgin da zai ɗauke shi. Tsohon kare mai gadin shago ba shi da kowa sai ubangidansa, kuma abin da ubangidan ya sani shi ne kaɗai maganinsa. Mu ma a yawancin kasuwanninmu na kan iyaka, ko babu yaƙi, likitan da ya san ciwon kare yana da nisa. Shi ya sa sanin ya zama wajibi.

Ba kowane fitsarin jini ne sankara ba

Abu na farko shi ne kada a yanke hukunci da ido. Bahaushe na ganin jini a fitsari sai ya ce tsargiya. A jikin mutum hakan na iya zama gaskiya, kuma ba abin wasa ba ne, domin tun 1994 hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sanya tsutsar tsargiya cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa wa ɗan Adam sankarar mafitsara. Saboda haka duk ɗan kasuwar da ya ga jini a nasa fitsarin, ya garzaya asibiti. Amma wannan tsutsa ba kasafai take zama a mafitsarar kare ba, don haka ɗura masa maganin tsargiya ɓarnar kuɗi ce.

A jikin kare, abubuwan da suka fi kawo jan fitsari su ne ƙwayoyin cuta a mafitsara, tsakuwar mafitsara, kumburin wata ƙaba da ke gindin mafitsarar namiji, da zazzaɓin kaska wanda ke farfasa jini har fitsari ya koma kamar ruwan shayi. Cin gubar ɓera ma na sa jini ya ƙi daskarewa ya riƙa fita ta ko'ina. Tsohuwar karya kuma na iya tara ruwan mugunya a mahaifa, wanda ke buƙatar tiyata cikin gaggawa.

Akwai wani ciwon daji na dabam da ya yi yawa a tsakanin karnukan da ke yawo sake a ƙasashenmu, wanda suke ɗauka ta wurin barbara. Yakan fito kamar jan tsiro mai gudaji-gudaji a al'aurar kare ko karya, yana ɗigar jini. Masana a Jami'ar Kambirij ta Ingila sun nuna cewa wannan ciwo ya shafe dubban shekaru yana yawo daga kare zuwa kare. Abin farin ciki shi ne yana warkewa. Allurar binkiristin da likita ke yi ta jijiya sau ɗaya a mako, na tsawon makonni huɗu zuwa shida, tana kawar da shi a mafi yawan karnuka. Ashe ke nan kare da yawa da ake kora a kan cewa ciwonsu ba ya jin magani, da an kai su wurin likita da sun tashi.

Mece ce sankarar mafitsara?

Ita wannan cuta tsiro ne da ke farawa daga fatar da ta lulluɓe cikin mafitsara, ya riƙa cin bangonta. Kimanin kashi 2 cikin 100 ne na dukkan ciwon dajin da ake gani a karnuka, kuma ta fi kama waɗanda suka manyanta, mata fiye da maza, masu ƙiba fiye da marasa jiki. Wasu jinsunan karnukan Turai sun fi saurin kamuwa, musamman wani ɗan gajeren kare na ƙasar Sikotlan da haɗarinsa ya ninka na sauran kusan sau 20. Binciken da aka yi a Amurka ya kuma danganta cutar da yawan tsoma kare cikin tsofaffin magungunan kashe kaska da ƙuma, da kuma yawo a ciyawar da aka fesa wa maganin kashe ciyawa. Wannan gargaɗi ne gare mu, mu da muke da ɗabi'ar wanke kare da ragowar maganin feshin gona ko na shanu.

Alamominta su ne jini a fitsari, yawan tsugunawa ana yin ɗan kaɗan, nishi da yunƙuri lokacin fitsari, da fitsari a wurin kwanciya ga karen da a da ba ya yi. Babbar alamar da ya kamata ta sa mai kare ya tsargu ita ce a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta a ga sauƙi, bayan mako biyu ko uku ciwon ya dawo, a sake bayarwa ya sake dawowa.

Matsalar wannan tsiro ita ce wurin da yake zaɓa. Ya fi fitowa a wuyan mafitsara, daidai inda bututu biyu masu kawo fitsari daga ƙoda suke shiga, kuma inda hanyar fitar fitsari take farawa. Shi ya sa da wuya a iya yanke shi da tiyata. Yana girma yana toshe hanya, a wasu karnukan kuma ya bazu zuwa huhu ko ƙashi, abin da kan ƙara musu ɗingishi. Likita kan gano shi ta hanyar gwajin fitsari, hoton ciki na sikanin, da duba ƙwayoyin tsiron a madubin likita. A 2015 masu bincike a Amurka sun gano wani canji a ƙwayar halitta da ake samu a kimanin 8 cikin 10 na karnuka masu cutar, har aka ƙirƙiro gwajin fitsari a kansa, amma wannan gwaji ya fi samuwa a ƙasashen Turai da Amurka.

Magani, da haɗarin shiga kemis kai tsaye

Gaskiyar magana ita ce ba a cika warkewa daga wannan cuta ba. Abin da ake nema shi ne rage zafi, buɗe hanyar fitsari, da ƙara wa dabba watanni cikin sauƙi. A 1994 Dokta Deborah Knapp da abokan aikinta a Jami'ar Purdue ta Amurka sun wallafa sakamakon gwada maganin firoksikam a kan karnuka 34. Tsiron ya ɓace a jikin biyu, ya ragu a jikin huɗu, ya tsaya bai ƙaru ba a jikin 18, kuma matsakaicin kwanakin da suka ƙara a duniya ya kai wajen wata shida. Idan aka haɗa da alluran ciwon daji, lokacin kan kai kusan shekara guda.

Firoksikam ba baƙon magani ba ne a kasuwanninmu. Shi ne ake sayarwa da sunan Feldene da wasu sunaye, wanda 'yan dako da direbobi ke sha saboda ciwon jiki. To a nan haɗarin yake. Ma'aunin da likitoci ke ba kare ƙanƙane ne ƙwarai, bai kai sulusin miligiram ɗaya ga kowane kilo na nauyinsa ba, sau ɗaya a yini. Kare mai kilo 20 ke nan bai wuce miligiram 6 ba, alhali kafso ɗaya na mutum kan ɗauki miligiram 20, wato ninki uku da ɗoriya. Wanda ya jefa wa karensa kafso guda cikin nama kullum, zai huda masa hanji ko ya kashe masa ƙoda tun kafin sankarar ta kashe shi. Likita ne zai auna kare, ya duba lafiyar ƙodarsa, ya tsara yadda za a raba maganin.

Har ila yau, ana ba da shi ne tare da abinci, ba a kuma haɗa shi da deksametazon ko firedinisolon, domin haɗin na kawo gyambon ciki. Da zarar an ga kare na amai, ya ƙi abinci, ko kashinsa ya yi baƙi kamar kwalta, a tsayar da maganin nan take a koma wurin likita. Ibufurofen da dikilofenak na mutane guba ne ga kare. Farasitamol ma ba a ba shi sai da izinin likita, kyanwa kuwa ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Ranar da kare ya yi ta yunƙuri fitsari bai fito ba har tsawon yini guda, cikinsa ya ɗaure, yana amai, to hanya ta toshe. Wannan ba ya jiran ranar kasuwa, domin cikin kwana biyu ko uku dafin fitsari zai gama da shi. Kada a danna masa mara da ƙarfi, mafitsarar na iya fashewa. Likita ne kaɗai zai iya zura roba ya zuƙe fitsarin.

Idan ƙafafu sun gaza

Tsufa kan zo da sanyin gaɓɓai, musamman a ƙugu da gwiwa. Za a ga kare na shan wahalar tashi da safe, yana jan ƙafar baya, ko yana zamewa a kan siminti. Jinyar wannan ba ta buƙatar kuɗi mai yawa, haƙuri take buƙata.

A sama masa inuwa mai iska, nesa da kwanon rufi mai zafi da ƙasar da rana ta gasa, domin kare ba ya gumi kamar mutum, ta haki yake fitar da zafi, kuma wanda ba ya iya tashi ba zai iya bin inuwa ba idan ta juya. A shimfiɗa masa tsohuwar katifa ko buhunan da aka cusa wa tsumma, a ɗora leda, sannan a rufe da zanen da za a riƙa wankewa. Idan daɓen na da santsi a shimfiɗa tabarma.

Wajen tashi, a ɗauki tsohon zane ko majanyi a zura ta ƙarƙashin cikinsa dab da cinyoyi, a kama bakin biyu a ɗaga a hankali, yana taka ƙafafun gaba ana tallafe na baya. A kula kada zanen ya matse mara, tunda can ciwon yake. A fitar da shi fitsari sau biyar ko shida a yini. Gajeriyar tafiya da sassafe da bayan la'asar ta fi masa amfani a kan kwanciya wuni guda, domin naman jikin da ba ya motsi saurin shanyewa yake yi.

Wanda ya kwanta gaba ɗaya, a riƙa juya shi daga wannan gefe zuwa wancan duk bayan awa huɗu, don kada ƙugu da kafaɗa su yi gyambo. Fitsarin da ya zauna a fata yana ƙona ta, saboda haka a rage gashin wurin, a wanke da ruwan ɗumi, a tsane, a shafa man basilin. A duba tsakanin cinyoyi da ƙarƙashin wutsiya kullum, domin a lokacin zafi ƙuda kan yi ƙwai a jiƙaƙƙen wuri, kafin kwana biyu tsutsa ta cika shi.

Wasu kan rage wa kare ruwa wai don fitsarin ya ragu. Wannan kuskure ne babba, musamman ga wanda ke shan maganin da ke wahalar da ƙoda. A ajiye ruwa mai tsabta inda bakinsa zai kai ba sai ya tashi ba. Abinci kuma a dafa, a ba shi kaɗan-kaɗan, a guji miya mai yawan albasa da tafarnuwa domin suna lalata jinin kare, a kuma hana shi yin ƙiba.

Mai jinya ma ya kiyaye kansa

Sankarar mafitsara ba ta tsallakawa daga kare zuwa mutum. Amma kare mai jin zafi na iya cizon ubangidansa idan an taɓa inda ke masa ciwo, don haka a ɗaure masa baki da ƙyalle kafin a ɗaga shi, a kuma hana yara wasa da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Idan tsohon kare ya shanye farat ɗaya, yana dalalar da yawu, halinsa ya canza, kuma ba a taɓa yi masa rigakafi ba, kada a ce tsufa ne, a killace shi a kira ma'aikatan dabbobi. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

Ga masu zama kusa da kwata, a daina jefa wa kare ɗanyen huhu ko hanta mai ƙullutun ruwa. Ta nan yake ɗaukar wata tsutsa da ƙwanta ke fita ta kashinsa ya shiga jikin mutum ya yi ƙari a hanta, cutar da aka sani sosai a yankunan kiwon raƙuma na Sudan. Wanke hannu da sabulu bayan kowace jinya wajibi ne.

Ranar rabuwa

Mutanen Sudan da mu, mafi yawanmu mazhabar Imamu Malik muke bi, wadda a cikinta kare mai rai ba najasa ba ne. Hadisai sun halatta ajiye shi don farauta, kiwo da tsaron gona. An kuma ruwaito cewa Ibn Abi Zaid, mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa kuwa, kowane ɗan makarantar allo ya san shi. Dabbar da ta yi mana aiki tana da haƙƙi a kanmu har ƙarshen ranta.

Akwai lokacin da jinya kan koma azabtarwa, wato idan kare ya daina ci kwanaki a jere, fitsari ya ƙi fita, yana kuka dare da rana, magani kuma ya daina aiki. Malaman Malikiyya sun tattauna wannan, har a Muhtasar na Shaihu Halil an kawo halaccin hutar da dabbar da ba a cin namanta idan an fid da rai da ita. Mai shakka ya tambayi malamin garinsu. Likitan dabbobi na da allurar da ke sa dabba barci ta wuce ba tare da jin zafi ba. Ba a ba kare fiya-fiya ko gubar ɓera, ba a jefe shi, ba a kuma kai shi daji a yar, domin duk wannan mutuwar wahala ce. Bayan allurar a binne gawar da zurfi, saboda maganin da ke jikinta na kashe ungulu da sauran karnukan da suka ci.

Kira ga shugabannin kasuwa

Masu iya magana sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu a nan asibitocin koyarwa na dabbobi suna nan a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Maiduguri, cibiyar bincike ta Vom a Jihar Filato na haɗa allurar rigakafin haukan kare, a Jamhuriyar Nijar kuma akwai ofisoshin ma'aikatar kiwo a manyan garuruwa irin su Maraɗi, Ƙonni da Damagaram. Motar da ke kai kaya Sakkwato ko Zariya ba za ta rasa wurin kare ɗaya ba.

Muna kira ga sarakunan kasuwa, sarakunan fawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da su san adadin karnukan da ke gadin rumfunansu da mai kowanne, su ware ɗan wani abu daga kuɗin gadi domin rigakafi da magani, su kuma gayyato ma'aikatan dabbobi sau ɗaya a shekara. Ranar 28 ga Satumba, wadda duniya ta keɓe don yaƙi da ciwon haukan kare, ta dace da wannan aiki. Likitan da ya zo yin rigakafi zai iya duba tsofaffin karnukan a lokaci guda, ya gano ciwo tun yana ƙarami.

Daga ƙarshe muna roƙon Allah Ya kawo wa 'yan'uwanmu na Sudan zaman lafiya mai ɗorewa, Ya mayar wa 'yan kasuwar Umdurman da Hartum abin da suka rasa, mu kuma Ya ba mu ikon sauke haƙƙin duk abin da ke ƙarƙashin kulawarmu, amin.